Barasar Tripo Ta Ƙarshe

Ƙamshi ne ya fara kai wa Zorka labari. Tana saukowa daga tudu, inda ta kwana wajen ƙanwarta, ta iso kwanar cocin garinsu Prisoje ke nan, iska ta ɗauko mata ƙamshin ɓaure da zuma, ƙamshin da bai da ikon fita daga cikin ganga. Ba ta ƙara sauri ba. Wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana bin sawun awaki da diloli a kan duwatsu ta san abin da ya riga ya faru ba ya gudu.

Ƙofar ɗakin ajiyarta a buɗe take, kwaɗo yana rataye lafiya lau. Ciki kuwa ƙasa ta sha ta ƙoshi, har ta yi caɓi. Zorka ta bi gangunan itacen tana ƙwanƙwasawa da sandarta. Kowace ta amsa mata da muryar wofi.

Barasar da mijinta Tripo ya dafa ce a kakar girbinsa ta ƙarshe, kafin zuciya ta kayar da shi a gindin ɓaure. Ita take ɗurawa a ƙananan kwalabe tana sayar wa fasinjojin manyan jiragen ruwa, kaɗan-kaɗan, kamar mai sayar da jininta. Akwai ƙaramar ganga guda a lungu da ba ta taɓa sayar da ko ɗigo daga ciki ba. Ta ajiye ta ne don a sha ranar da za a kwantar da ita kusa da shi. Ita ma ta amsa da muryar wofi.

Kafin ta fito, unguwa ta cika ƙofa. Stane mai gidan kofi ce a gaba, hannu a ƙugu.

“Wayyo Zorka! Ai ba sai an yi dogon bincike ba. Arben ne. Da idona na gan shi da sassafe ya sauko daga nan a guje, kamar an biyo shi da wuta.”

“Baƙon nan dai,” in ji wani. “Tun da ya kafa rumfa muka rasa kwanciyar hankali.”

“A watsa masa tarkacensa cikin teku!”

Vukota ɗan sanda, wanda har yanzu akwai garin burodi a gashin bakinsa, ya gyara hula. “Inna Zorka, ki zo ofis mu rubuta. Shi kuma zan ɗauko shi.”

“Ka ɗauko shi ka yi me da shi? Ka matse shi barasa ta fito?” Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe da lura cewa duk abin da gari ya haɗu a kansa kafin ƙarfen coci ya buga, yawanci ƙarya ne. “Ku ja da baya, kuna tattake mini ƙasa. Kuma ku ji da kyau: na rantse da ƙasar da ta rufe Tripo, wanda ya yi wannan sai ya gwammace hannunsa ya sare.”

Can ƙasa, farin jirgin da ya iso jiya ya tokare bakin gaɓa, ya fi cocin tsayi, ya fi garin faɗi. Da yamma zai tashi. In mai laifin yana da wurin kwana a cikinsa, yamma ce iyakarta.

*

Dutse ba ya riƙe sawu, haka kowa ke faɗa. Wanda ya fara faɗar haka bai taɓa durƙusawa ba. Tripo yana zuba zuma a barasarsa, wanda kuwa ya taka zuma, kiyashi ne ke rubuta masa tarihi. Zorka ta sunkuya a bakin matattakalar da ke gangarawa gaɓa, ta ga baƙaƙen layuka sun zana siffar tafin takalmi a inda ido ba ya ganin komai.

Sawu iri biyu ne. Ɗaya ɗanye, tazararsa mai faɗi, na mai gudu. Ɗaya ya sha iska tun jiya, kiyashi sun kusa cinye shi, takunsa gajere, daidai wa daida, na mutumin da ya gama aikinsa yana tafiya abinsa.

Ta fara bin na mai gudu. Ya kai ta har rumfar Arben.

Arben yana tattara kayansa cikin kwali, maganaɗisun ado na liƙa wa firji da kofuna masu hoton garin, waɗanda ba a taɓa ƙera ko ɗaya a garin ba. Da ya gan ta, kofi ya suɓuce masa.

“Inna, wallahi tallahi…”

“Ɗaga ƙafarka.”

Ya ɗaga. Kiyashi suna nan a gefen takalmin.

“Na shiga, ban musa ba. Canji na je nema. Na ga ƙofa a buɗe, na leƙa, na taka. Sai na ce a raina, Arben, ko aradu ce ta faɗo a garin nan kai za a ce ka kira ta. Shi ne na arce.”

“Ina nake ajiye mabuɗi?”

“Ni ina na sani? Ko kofi ba a taɓa ba ni a gidan kowa ba, balle mabuɗi.”

Gaskiyarsa. Mabuɗin yana ƙarƙashin tukunyar fure ta bayan rijiya tun zamanin surukarta, kuma ba wanda ya sani sai wanda ya ci abinci a gidan.

“Mayar da tarkacenka kan tebur,” ta ce. “In ka gudu yau, ka sa hannu ke nan. Kuma ka daina ce wa fasinjoji kakarka ce ta zana kofunan nan. Rubutun Sinanci ne a gindinsu, kakarka kuwa ba ta jin Sinanci.”

Ta koma ta ɗauki sawu na biyu. Ya sauko matattakala a natse, ya bi gefen inuwa, ya fito fili. A nan ya mutu. Duk ranar jirgi ana wanke gaɓar da tiyo tun asuba, don kada baƙi su gane mutane ne ke zaune a garin.

*

Wanda ya ci abinci a gidan. Zorka ta nufi wajen Savo, ƙanen Tripo, wanda tun ranar jana'iza yake cewa rabin gonar ɓauren tasa ce.

Ta same shi a cikin ƙaramin kwalekwalensa yana ɗinkin koma, ido jajir.

“Matar yaya! Na ji abin da ya faru. Tun ɗazu nake kuka.”

“Kuka ne ko ragowar jiya? Ina kake da yamma?”

Ya ajiye komar. “Au, ni kike zargi? Ni, Savo, in buɗe ganga in bar ƙasa ta sha? Haba matar yaya! Ki ce na sata, in yarda. Ai na sha sata ma, da ɗan tiyo, ta saman ganga, tun yaya yana da rai. Amma in zubar? Ko ruwan inabin coci ban taɓa barin ɗigo a kofi ba.”

“Ka yi rantsuwa za ka ga bayana.”

“Bayanki, ba bayan barasa ba. Me ta yi mini?”

Ta dubi ƙafarsa. Takalmin roba ne mai tsawo, irin na masunta, wanda rabonsa da cire shi tun bara. Kuma Savo bai taɓa tafiya daidai wa daida ba ko da safe.

Tana juyawa ta ji an kira ta.

“Inna!”

Miladin ne, cikin farar rigar ma'aikatan mashayar jirgi, matarsa Ilinka tana biye da shi da tsohon ciki, tana dafe da baya. Ya kama hannun Zorka ya sumbata ya kai goshi, kamar yadda ya wajaba a kansa. Ita ce uwar sunansa. Ita ta riƙe shi a kan ruwan baftisma, ita ta raɗa masa suna, kamar yadda uwarta ta raɗa wa ubansa. Gidansu Zorka ke ba gidansu Miladin suna tun kaka da kakanni, kuma wannan zumunci ya fi na jini nauyi, don jini ba a zaɓarsa.

“Yanzu Ilinka ke gaya mini. Allah ya isa, Inna. Wane mara imani ne?”

“Shi nake nema. Ka rame, yaro. Ba sa ba ku abinci?”

“Abinci kam akwai. Tukuici ne babu.” Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. “Tun da aka kawo tsarin nan na a biya sau ɗaya a sha har a sauka, fasinja gani yake ya saye ni har da takalmina. Ya miƙo kati, ya karɓi kofi, ya juya. Wanda kuma bai sayi tsarin ba, da shi muke samun ɗan abin hannu, to shi ma ya koyi kulle kansa a ɗaki.”

“Da kwalbar man zaitun,” in ji Ilinka, tana murmushi.

Kowa a Prisoje ya san dabarar. Masu gadin ƙofar jirgi suna ƙwace duk barasar da fasinja ya sayo a gari. Sai Zorka ta koma ɗura tata a baƙaƙen kwalaben man zaitun, har da hoton reshe a jiki. Tsarabar mai ce a ido, ta wuce salin-alin.

“Na ce miki ki rage, Inna,” Miladin ya ce a hankali.

“Na ce maka jirgin da kwalbar tsohuwa za ta nutsar da shi gara ya nutse.”

Ilinka ta kamo hannunta ta ɗora a kan cikin. “Ji yadda yake harbi. Kin zaɓa masa suna kuwa? Limamin coci yana ta tambaya.”

“Na zaɓa. Ranar za ku ji.”

Ta bar su ta hau tudu. Ko sau ɗaya ba ta dubi ƙafar Miladin ba. Ba a duba ƙafar yaron da aka riƙe tsirara a kan ruwa.

*

Rana ta take. Zorka ta zauna a kan kujerar Tripo a cikin ɗakin ajiya, ta rasa inda za ta sa gaba. Arben bai san mabuɗi ba, Savo ba zai zubar ba. Ƙafa ta gama faɗin abin da ta sani. Ubanta yakan ce in ƙafa ta yi shiru, a tambayi hannu.

Ta tashi ta kai hannu kan famfon gangar farko don ta rufe shi, saboda sabo. A rufe yake. Ta murɗa, ya ƙi motsi, an ɗaure shi tam. Na biyu haka. Na uku haka. Har ƙaramar gangar lungu. Ta shafa bakin famfon da yatsa: ba danƙo. An goge shi. Tsumman yana rataye a ƙusa, an ninke shi biyu.

Maƙiyi yana buɗe famfo ya tafi, ya bar shi yana zuba, don a zo a gani a ji zafi. Wannan kuwa ya tsaya har ganga ta tsiyaye, sannan hannunsa ya rufe, ya goge, ya rataye tsumma, ba tare da ya nemi izinin kansa ba. Hannun da ya yi shekaru yana haka sau ɗari a yini, a wurin da ɗigo ɗaya a kan kantar mashaya ke jawo wa mutum faɗan shugaba.

Rabin mazan Prisoje sun yi aikin jirgi, amma a ɗakin inji, ko wajen igiya, ko wanke-wanke. Mutum ɗaya ne ya taɓa tsayawa a bayan kantar mashaya.

Zorka ta koma ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ƙaramar gangar, tana tuna yadda Tripo ke ɗora yaron a kanta yana ba shi busasshen ɓaure. Sannan ta ɗaura ɗankwalinta, ta fita.

*

Ta sa Vukota ya tara su a gidan kofin Stane, ƙarƙashin rumfar inabi. Arben a gefe shi kaɗai, kamar mai ƙyanda. Savo kusa da kantar gidan kofin, inda ya fi jin daɗi. Miladin da Ilinka, waɗanda ta aika a kira su don su tsaya mata a matsayin 'yan gida. Sauran gari suka cika hanya. Fasinjoji suna wucewa da jakunkunan tsaraba, wasu har suna ɗaukar hoto, a zatonsu wasan gargajiya ne.

Kafin ta zauna ta raɗa wa Stane magana a kunne. Stane ta yi mata kallon mahaukaciya, amma ta je ta tsiyayo ruwan inabi daga gangar da ke kan kantar gidan, ta bar famfon bai gama rufuwa ba.

Ɗis. Ɗis.

“To, Inna,” in ji Vukota, “ga su nan. In ɗaure baƙon?”

“Ɗaure bakinka tukuna.” Ta fara magana a hankali, kamar mai ba jikoki labari. Ta ba su labarin kiyashi. Ta ba su labarin mabuɗi da tukunyar fure. Ta ce Arben matsoraci ne kuma maƙaryacin ɗan kasuwa, amma ba shi ba ne. Aka yi gunaguni. Ta ce Savo ɓarawo ne, da bakinsa ya faɗa.

“Na gode, matar yaya,” in ji Savo.

“Amma ba shi ba ne.”

Ta ja maganar, ta koma kan Tripo, da yadda yake zaɓen ɓaure, da irin itacen da yake hura wuta da shi. Mutane suka fara gyara tsayuwa. Ruwan inabin ya taru a kan kantar, ya gangaro baki, ya fara sauka ƙasa. Ba wanda ya kula. Savo ya kula, amma shi kofi yake laluɓe.

Miladin yana kallon bakin Zorka. Yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Can sai ya miƙe, idonsa bai bar kanta ba, ya kai hannu baya ya murɗe famfon tam, ya zari tsumman Stane ya goge bakin famfon, ya share kantar, ya ninke tsumman biyu, ya rataye.

Zorka ta katse labarinta. Ya juyo zai zauna, ya ga yadda take kallon hannunsa. Shi ma ya kalli hannun.

“Sabo turken wawa,” ta ce. “Har ƙaramar ta lungu ka goge mata baki, Miladin. Ka kyauta. Tripo yana son tsabta.”

Kowa ya juya ya zuba wa Miladin ido.

“Miladin?” Ilinka ta ce. “Ka ce wani abu mana.”

Ya buɗe baki don ya musa, ya dubi Zorka, ya fasa. “An kama wata mata da kwalabe takwas a makon jiya,” ya ce. “Ta ce uwar sunan wani ma'aikacin jirgin ce ta sayar mata, har hotona kin nuna mata. Shugaban mashaya ya kira ni. Ya ce in kwalba ɗaya ta sake shiga daga garin nan, in sauka da jakata. Inna, na roƙe ki. Sau nawa na roƙe ki? Dariya kika yi mini. Ga ciki, ga bashin gida. Na ce in babu barasar, babu maganar. Na ce zan riƙa aiko miki da kuɗi duk wata…”

“Ta lungun ma fasinja za ta saya?”

Ya sunkuyar da kai. “Ban tuna ba sai da ta ƙare.”

Garin da ya so jefa rumfar Arben a teku da safe, yanzu ya fara tausasa murya. Ɗan gida ne ai. Kuskure ne. Stane ta ce, “Zorka, a rufa asiri, a gyara a cikin gida.” Vukota ya taɓa ankwarsa ba da son ransa ba. “In kin shigar da ƙara, Inna, dole in hana shi hawa jirgi. Aikinsa ya tafi ke nan.”

“Ba na ƙara. Ya hau jirginsa. Ya je ya yi ta goge kantar mashaya.”

Miladin ya zube a gabanta yana neman hannunta. “Inna, Allah ya saka…”

Ta janye hannun ta sa a aljihu. Ta juya ga Ilinka.

“Ke ba ki yi mini komai ba, 'yata, amma a gidan da kika shiga kika shiga. Ranar da kika sauka, kada a aiko mini. Ba zan riƙe shi a kan ruwa ba.”

Ilinka ta dafe ciki. “To ki sake mu, Inna. Ki yafe mana zumuncin, mu nemi wani ya riƙe shi.”

Kowa a wurin ya san abin da take roƙo. Muddin uwar suna tana da rai, ba mai karɓar matsayinta sai ta furta da bakinta cewa ta saki gidan. Ba wanda zai yarda ya tsallake ta ya ɗauko wa 'ya'yansa baki, daga nan har bayan duwatsu. Limamin coci kansa ba zai so a tambaye shi ba.

“Ban sake ku ba.”

“Zorka!” in ji Stane. “Jariri fa? Ki ji tsoron Allah!”

“Shi nake ji. Shi ya sa ban tsine ba.” Ta dogara sandarta ta miƙe. “Uwata ta kai casa'in da shida, kakata ta wuce haka. Sai ku yi ta kiransa yaro.”

Jirgi ya yi ƙugi, kiran farko ga ma'aikata. Miladin yana durƙushe, bai motsa ba.

“Inna,” ya ce, “ko sunan ne ki faɗa mana. Kin ce kin zaɓa.”

Zorka ta tsaya a bakin rumfar, ba ta waiwayo ba.

“Na zaɓa. Tripo na so in sa masa.”

Mutane suka dare mata hanya, ta hau tudu.